Sojan Ƙofar Shago

Ranar da Yaya ya shigo gida da baƙar leda a hammata, yana murmushi tun daga bakin ƙofa, Kofur ya san da magana. Yana zaune a tsakar gida, ya ɗora ƙafarsa ta hagu kan bokitin da aka kifa, yadda likita ya ce ya riƙa yi. Wannan ƙafar ce ta raba shi da aikin soja. Ɓaraguzan bam ne suka shige masa ƙwauri, aka ciro na cirowa aka ɗinke, amma wani wuri sama da idon sawu ya ƙi rufewa. Da aka sallame shi daga aiki sai ya dawo gidan da aka haife shi, inda yayansa ke riƙe da kowa tun rasuwar mahaifinsu: ga mahaifiyarsu Inna, ga matar Yaya da 'ya'yansa, yanzu kuma ga Kofur ya ƙaru.

Yaya ya zazzage ledar a kan tabarma. Riga da wando ne na soja, sababbi ƙal, sai dai ba irin kakin da Kofur ya yi aiki da shi ba. Nasa mai manyan shaci ne, kore da baƙi da ruwan ƙasa, kamar an watsa wa yadi fenti. Wannan kuwa 'yan ƙananan gidaje ne masu kusurwa huɗu, birjik, wani kan wani, kamar hoton waya idan aka ja shi ya fashe. Bayan ya bar aiki ne aka canja wa sojoji kaki zuwa wannan zanen, shi ma a talabijin yake ganinsa.

Maganar ta samo asali ne daga shagon Yaya. Kayan gini yake sayarwa a bakin babban titi, siminti da rodi da kwanon rufi da fenti, kuma masu damunsa ba su da iyaka: 'yan zaman banza masu zuwa neman na goro da sunan tsaro, da masu yawo da rasit ɗin da ba a san ofishin da ya buga shi ba, da direbobin da ke toshe masa ƙofa su tafi cin abinci. Wata rana Kofur ya gaji da zaman gida ya bi shi shago, sanye da tsohuwar rigarsa ta aiki don ita ce ta fi kusa da hannunsa. Ranar ko ƙuda bai sauka a ƙofar shagon ba. Yaya ya lura, shi kuwa Yaya ba ya lura da abu a banza. Daga nan kullum sai ya ce Kofur ya taso su tafi ya sha iska. Aka yi ta shan iska, har wani mara kunya cikin 'yan zaman banzan ya gano cewa sojoji sun daina sa irin wannan rigar, ya fara kiran Kofur sojan gidan tarihi. Shi ne Yaya ya shiga kasuwa.

Yanzu ya tsuguna ya shimfiɗa rigar, ya shiga yi wa ƙaninsa bayani, don ya kwana biyu yana kallon abin a waya. Ya ce wannan zanen ba hannun mutum ne ya yi shi ba, kwamfuta ce. Ya ce idon ɗan Adam gefen abu yake nema, kafaɗa ko kai ko hannu, to waɗannan 'yan gidajen sai su wargaza gefen. Na kusa ya ga ƙananan ɗigo, na nesa ya ga manyan inuwoyi, har ya rasa inda mutum ya ƙare da inda daji ya fara. Ya ce akwai na daji, akwai na rairayi, akwai na ruwa. Kofur, wanda ya yi shekaru yana kwanciya cikin ciyawa sauro na shagali a kansa, ya saurara da ladabi kamar ɗan makaranta.

"To Yaya," ya ce da aka kai ƙarshe, "idan don kada a ga mutum aka yi shi, ni da kake so a hango ni tun daga shataletale fa?"

"Ai hikimar ke nan," in ji Yaya. "A daji ya ɓoye mutum, a gari ya nuna shi."

Kofur ya murza yadin tsakanin yatsunsa, ya ji santsin roba. Ya ce wannan ba na bariki ba ne, na kasuwa ne, kuma iska ba za ta ratsa shi ba. Ya ƙara da cewa tunda an sallame shi, sa sabon kaki laifi ne babba, in aka kama mutum ba a wasa. Yaya ya yi dariya ya ce wa zai kama wanda ya zubar da jininsa saboda ƙasa? Ya ce in ma an zo, shi yana nan, shi zai yi magana. Inna da ke gefe tana tsintar shinkafa ba ta ɗago kai ba ta sa baki. Ta ce zaman gida shi ke ƙarasa mara lafiya, ta ce ba dutse aka ce ya fasa ba, zama ne a kujera.

"Yayanka ne," ta ce. "Daga hannunsa muke ci, ni da kai. Idan shagon ya zauna lafiya, mu ma mun zauna."

Wannan maganar ta ci ita ce ta rufe masa baki. Ya ɗauki kayan ya shiga ɗaki.

Wandon ya yi masa tsawo, sai aka kai wa Tela, wanda shagonsa ke manne da na Yaya, kuma abokin wasan Kofur ne tun suna yara. Tela ya rage ƙafar wandon yana tsiya, ya ce tunda kwamfuta ce ta zana, a tabbata an riƙa sa wa Kofur caji kafin ya fito. Tun daga ranar ya laƙaba masa Janar. Kowace safiya sai ya miƙe bayan keken ɗinkinsa ya sara masa da almakashi a hannu, Kofur kuma ya ce zai sa a kulle shi saboda sarawar banza.

Gaskiya ita ce kwanakin farko Kofur bai ƙi abin ba. Mutumin da ya yi watanni ana tsallake ƙafarsa a tsakar gida, yau ga shi direbobi na rage gudu suna ɗaga masa hannu, ana ce masa yallaɓai. 'Yan zaman banza suka koma tsallaken titi. Masu rasit suka riƙa wucewa kamar ba su taɓa sanin akwai shago a wurin ba. Yaya ya riƙa saya masa shayi da burodi da safe, yana ce wa masu sayayya ƙaninsa ne, ya zo hutu daga bakin daga.

Matsalar ta fara ne daga ƙasa. Kofur silifa yake sawa, don bandejin ba ya shiga komai. Wani direban babbar mota ya kalle shi daga sama har ƙasa, ya tambayi Yaya ko yanzu sojoji da silifa suke yaƙi. Washegari Yaya ya shigo da takalmin soja, baƙi, mai dogon wuya da igiya. Kofur ya ce likita ya hana shi duk abin da zai matse wurin. Yaya ya ce ai ba tafiya zai yi da shi ba, zama ne, takalmin da ba a taka shi ba kuwa ta ina zai cuci mutum? Matar Yaya, wadda ke wasa da Kofur irin na matar wa da ƙanin miji, ita ta kawo dabara. Ta ce a rage kaurin bandejin, a naɗe ƙafar da leda kafin a zura, don kada ruwan ciwon ya ɓata sabon takalmi. Ta durƙusa da kanta ta ɗaure masa igiyar tana cewa yau ga angonta ya fito sak, saura a nemo masa amarya ta huta da wankinsa. Kofur ya ce ita ce ta kore masa duk 'yan matan unguwa saboda kishi. Aka yi dariya. Da ya miƙe sai ya ji kamar an ɗora masa garwashi a ƙwauri, amma ya yi ta maza ya bi Yaya zuwa mota.

Asibiti sun ce ya riƙa zuwa wankin ciwo da safe, a ranakun da suka sa masa. Sai aka yi rashin sa'a, safiya ita ce lokacin da motar siminti ke zuwa, lokacin da 'yan zaman banza suka fi zaƙewa. Yaya ya ce a bari sai gobe. Goben ta zo da motar rodi. Da Kofur ya matsa, Yaya ya ce shi fa asibitin nan bai yarda da su ba, mutum ya wuni a layi don a shafa masa jan magani a sallame shi. Matar Yaya ta ce ita za ta riƙa yi masa a gida, ai saura ƙiris ta shiga makarantar koyon jinya aka yi mata aure. Da wannan ƙiris ɗin ta riƙa dafa ruwa da gishiri da yamma tana gasa masa wurin, tana kawar da kai tana cewa alhamdu lillahi, ya fara bushewa.

Bai fara ba. Yadin robar ya riƙa tara masa zufa tun hantsi, ta bi bayansa ta gangara cikin wando, ta taru a cikin ledar da ke ƙafarsa. Rinin ma ba na kirki ba ne, idan ya tuɓe da yamma sai ya ga singiletinsa ta yi kore-kore, har fatar kafaɗarsa. Tela ya ce in aka ci gaba a haka, nan gaba ba sai an saya masa kaki ba. Kofur ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, don a lokacin ya fara jin bugun ƙafar yana hawa har cinyarsa.

Da farko kujerarsa tana ƙarƙashin rumfar shago, cikin inuwa. Sai Yaya ya tsallaka titi wata rana ya juyo ya duba, ya ga buhunan siminti da gwangwanayen fenti sun tare shi, ba a ganinsa sosai. Aka matso da kujerar gaba, bakin kwalta, inda rana ke sauka tun daga hantsi har la'asar. Da Kofur ya ce zafin ya yi yawa, Yaya ya ce rana magani ce, a waya ya gani, tana ƙarfafa ƙashi. Bai dai rasa tausayi gaba ɗaya ba, ya sayo masa hula mai irin zanen, da wata riga mai aljihuna da ake ɗorawa a kan kaki, da jakar baya wadda aka cusa wa tsummoki don ta yi tudu. Duk abin da aka ƙaro, nauyi ne da zafi, amma Yaya kan ja da baya ya kalle shi ya ce yanzu ne ya cika soja. Ya hana shi ɗora ƙafar kan bulo kuma, ya ce soja mai miƙe ƙafa kamar mai jego ba ya ba kowa tsoro.

Daga nan aka fara aronsa. Wani abokin Yaya yana rikicin fili da maƙwabcinsa, ya roƙa a ba shi Kofur na yini ɗaya, ba don ya yi komai ba, ya dai tsaya kusa da masu awo. Kofur ya tsaya a rana, a kan ƙafar da bai kamata ta ɗauki ko nauyin kanta ba, har aka gama kafa turaku. Da suka dawo ya kasa cin abinci, jikinsa na rawa. Inna ta taɓa goshinsa ta ce zazzaɓin sauro ne, yana yawo a gari. Aka ba shi ƙwayoyi daga kemis. Da safe Yaya ya leƙo ɗakin ya ce in ya ji dama-dama ya daure, yau ranar kasuwa ce.

Warin shi ne abin da aka kasa ɓoyewa. Yaran gidan suka daina zama kusa da shi wajen cin abinci. Matar Yaya ta ce takalmin ne, fatar kasuwa haka take, ta sayo turaren fesawa ta riƙa fesa masa a ƙafa kafin ya fita. Cire takalmin da yamma ya zama aiki, sai an riƙe shi ana ja yana cije leɓe. Wata rana Tela ya matso da bencinsa kusa da shi, ba tsiya a bakinsa ko ɗaya, ya ce bari ya rufe shagonsa ya kai shi asibiti a kan babur yanzu-yanzu. Kofur ya kalli cikin shago inda Yaya ke ciniki, ya ce a bari motar nan ta gama sauke kaya. Kunya ce ta riƙe shi. Yana ganin mutumin da ake ba abinci da ɗaki, in an ce ya zauna a kujera, ba shi da bakin cewa kujerar ta yi masa zafi.

Tela ne ya kira Auta, ƙanwar su Kofur da ke aure a ɗaya gefen gari. Ta zo da yamma daidai lokacin da ake cire takalmin. Da aka warware ledar ta ga wurin, ya kumbura ya yi baƙi-baƙi a gefe, sai ta zauna a ƙasa dirshan. Ta tashi ta tare Yaya a tsakar gida, ta faɗa masa maganganun da ba a saba jin ƙanwa ta faɗa wa babban wa ba. Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ce shi da ke ciyar da mutum, ya ba shi wurin kwana, ya fita da shi cikin jama'a don kada tunani ya kashe shi, shi ne yau mugu? Ya ce masu zuwa ziyara da lemo a leda su ne kullum suka fi kowa iya jinya. Matar Yaya ta ce kullum da hannunta take wanke ciwon nan, ko ƙyama ba ta yi, ba wanda ya taɓa ce mata sannu. Inna ta ce Auta ta zo ta raba mata kan 'ya'ya, ta fara share hawaye da gefen mayafi. Auta ta juya wajen Kofur ta ce ya tashi su tafi gidanta, akwai ƙaramin ɗaki, mijinta ma ya ce a zo da shi.

Kofur ya kalli Inna tana kuka. Ya ce wa Auta ta kwantar da hankalinta, shi da ya ga abin da ya fi wannan, ɗan ƙurji ba zai kayar da shi ba. Yaya ya yi alkawari a gaban kowa cewa farkon mako da kansa zai kai shi asibiti. Auta ta tafi tana waiwaye.

Farkon makon bai zo ba. Ana saura kwana biyu, da tsakar rana, wata motar sojoji ta rage gudu a gaban shagon ta tsaya. An yi ta samun 'yan fashi masu sa kakin kasuwa suna tare hanya, shi ya sa aka fito da 'yan sandan soja suna bin gari. Wani matashin hafsa ya sauko, sanye da irin zanen da ke jikin Kofur, sai dai nasa ya zauna a jikinsa, launinsa a kwance, ba ya ƙyalli. Kofur na cikin zazzaɓi, yana ganin titi na rawa, amma da ya ga tauraro a kafaɗa sai jikinsa ya tuna aikinsa. Ya yunƙura ya miƙe zai sara. Ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya faɗi a kan kwalta, jakar tsummokin ta biyo shi.

Hafsan ya tambaye shi rundunarsa da katinsa. Kofur ya faɗi tsohuwar rundunarsa da lambarsa, ya ce an sallame shi saboda rauni. Hafsan ya ce to wa ya ba shi izinin sa wannan, kuma wa ya ajiye shi a nan? Ya ɗaga kai ya kira mai shago. Yaya ya fito yana goge hannu a riga, mutane sun fara taruwa.

"Ƙanina ne, ranka ya daɗe," ya ce. "Amma wallahi ban san inda ya samo kayan nan ba. Tun da ya dawo kansa ba daidai yake ba. Mun yi mun yi ya daina sawa ya ƙi, shi ya sa nake zuwa da shi nan ina sa masa ido."

Kofur yana kwance, kuncinsa a kan kwalta mai zafi, ya ji kowace kalma. Bai ji haushi ba a lokacin, mamaki ya ji, yadda maganar ta fito wa Yaya a jere ba tuntuɓe, kamar ya daɗe da ajiye ta saboda irin wannan ranar. Hafsan ya sunkuyo ya tambaye shi ko haka ne. Kofur ya tuna Inna da mayafinta. Ya ce kayan dai a jikinsa aka gan su, shi za a tambaya.

Da hafsan ya sunkuya ne warin ya buge shi. Ya ce a cire takalmin. Sojoji biyu suka gwada, Kofur ya yi wata ƙara da shi kansa bai san tana cikinsa ba. Tela ya kutso cikin mutane da babban almakashinsa, ya durƙusa ya yanka igiyar, ya tsarge fatar takalmin har ƙasa. Da aka buɗe ledar, na gaba-gaba cikin 'yan kallo suka ja da baya. Hafsan ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya kalli Yaya, kallon da ya sa Yaya ya tuna yana da mai sayayya a ciki. Aka tuɓe wa Kofur rigar da hular aka jefa bayan mota, aka ɗauke shi daga shi sai singileti, aka wuce da shi asibitin sojoji.

A ƙasan gwiwa aka yanke. Likitan da ya yi aikin ya ce da ana zuwa wankin ciwon yadda aka tsara, da an bar wurin ya sha iska, da yanzu ya warke yana takawa da sanda. Ya tambaya wa ya ce a naɗe ciwo da leda. Kofur ya ce wata ce da saura ƙiris ta zama ma'aikaciyar jinya. Maganar kaki kuwa hafsan ya kashe ta, ya ce wanda ya biya da ƙafa ba a sake tuhumarsa.

Auta ce ta yi jinyarsa, Tela na zuwa da yamma yana ba shi labarin titi. Sai da aka kwana biyu 'yan gida suka zo, Inna a gaba, Yaya da matarsa a baya da ledar lemo da ayaba. Inna ta zauna a bakin gado ta kasa kallon inda bargo ya lotsa. Ta ce ƙaddara ce, abin da aka rubuta wa bawa ba ya wuce shi. Matar Yaya ta ce ita tun farko ta ce takalmin nan bai yi mata ba. Yaya ya ja kujera ya zauna, ya ce ya san ana ta kai maganarsa gaba, amma abin da ya faɗa wa hafsan nan dabara ce. Da an tafi da su su biyu, wa zai riƙe Inna da yara? Kuma ga shi dabarar ta yi aiki, tunda asibiti aka kawo shi ba gidan yari ba. In an duba da kyau, in ji shi, shi ne sanadin da aka ga ciwon da wuri.

Daga nan sai ya saki jiki ya shiga maganar da ta kawo shi. Ya ce ya riga ya yi cinikin keken guragu, mai kyau, mai birki. Ya ce tun da abin ya faru mutane ke tururuwa shago suna tambayar lafiyar jarumi, wasu har su sayi abin da ba su yi niyya ba. Ya ce yanzu ba ma sai an sa kaki ba, kowa ya san shi. Zai sa a yi siminti a ƙofar shago yadda keken zai hau ba wahala, ya riƙa fitowa yana shan iska.

Auta ta buɗe baki, Kofur ya ɗaga mata hannu. Ya gyara kwanciya, ya dubi yayansa da fuskar nan tasa ta wasa.

"Yaya, ƙafar da aka cire tana wurin likitoci. Ka roƙe su su ba ka, ka ajiye ta a ƙofar shago. Ita ta saba da aikin. Ni na yi ritaya."

Majinyacin da ke gadon kusa ya fashe da dariya har ɗinkinsa ya motsa. Yaya ya ce ba ya son wasan banza a gaban mutane. Kofur ya ce ba wasa yake ba, ya juya ya ce wa Auta ta share ƙaramin ɗakin nan. Inna ta ce yanzu gidan ubansa zai bari ya koma cin abincin suruki? Ya kama hannunta ya riƙe, ya ce duk ranar da ta yi marmarin ganinsa, motar haya ɗaya ce tsakani. Ba ta zare hannun ba.

Gidan Auta ya koma. Yana koyon tafiya da sanduna, yana jiran a auna masa ƙafar roba, yana zama a inuwa duk lokacin da ya ga dama. A unguwar Yaya kuwa labarin ya riga ya zauna yadda aka tsara shi. Duk wanda ka tambaya zai ce maka mai shagon kayan gini mutumin kirki ne, ya riƙe ƙaninsa mai taɓin hankali, ya ciyar da shi, ya tufatar da shi, kullum yana tare da shi a shago don kada ya shiga wani hali, ƙarshe ƙanwarsu ta zo ta zuge shi. Ba wanda ya doke shi, ba wanda ya zage shi, ba ranar da aka hana shi abinci. Da wasa da dariya aka yi komai, da sannu da yallaɓai, har aka kai shi inda aka kai shi, kuma kowa a gidan yana barcinsa lafiya.

'Yan zaman banza sun dawo ƙofar shago tun makon farko. Dole Yaya ya nemi maigadi. Wanda ya fara zuwa ya duba wurin, ya ce shi sai an mayar da kujerar cikin inuwa, sai an ba shi ranar hutu, kuma in ba shi da lafiya ba zai fito ba. Yaya ya dawo gida ransa a ɓace, ya zauna a tsakar gida yana ce wa Inna shi dai ya rasa abin da ya sami mutanen yanzu, ba su da tausayi ko kaɗan.